Yadda Yaro Mai Ciwon Sukari Zai Yi Barci da Famfon Insulin a Jikinsa

A dogon hutun da ya wuce, kawuna da ke aiki a Ingila ya kawo iyalinsa gida domin su gaida dangi. Cikin 'ya'yansa akwai wata yarinya 'yar shekara tara wadda duk gida muke kira Auta. Da yake ɗakuna sun yi mana kaɗan, sai aka haɗa ni da ita katifa ɗaya, gidan sauro ɗaya, har na tsawon mako biyar. Daren farko da ta zo sa kayan barci, sai na ga wani ɗan akwati kamar ƙaramar wayar hannu a ƙugunta, ga kuma wani siririn tiyo ya fito daga jikinsa ya shige ƙarƙashin filasta a gefen cikinta. Tsoro ya kama ni. Na kwana a takure a bakin katifa ina gudun kada in juya in fizge mata shi, ita kuwa sai sharar barcinta take yi.

Da gari ya waye, kakarmu ta ga abin, tausayi ya kama ta. Ta kira matar kawu ta ce, "Ku riƙa cire wa yarinyar nan abin nan da dare mana, ta huta. Mutum da igiya a jiki, ina zai ga barci?" Matar kawu ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ai ranar da aka cire shi, ranar ce ba za mu kwana lafiya ba."

Wannan magana ita ta sa na yi ta tambaya har hutu ya ƙare, na kuma ƙara da karatu bayan mun dawo makaranta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka na ga ya dace in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da na koya: yaron da ke ɗauke da wannan na'ura yana iya barci mai daɗi kamar kowane yaro, in dai an yi masa shiri tun kafin ya kwanta.

Ciwon sukari na yara

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ciwon sukari na tsofaffi ne da masu ƙiba. Wannan nau'i na biyu ke nan, kuma shi ya fi yawa. Amma akwai nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa. A bayan tumbin kowane mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya buɗe wa sukarin da ke cikin jini hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke kuskure ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin. Shan alewa ba ya jawo shi, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Yaron da ya same shi dole ne a riƙa ba shi insulin daga waje kullum, dare da rana.

Kafin shekarar 1921 wannan ciwo ba shi da magani. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairu na 1922 aka fara gwada shi a kan wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya kuwa farfaɗo. Tun daga lokacin allura ce hanyar ba da shi, kuma har gobe ita ce yawancin masu ciwon ke amfani da ita a duniya.

Mene ne famfon insulin?

Famfon insulin na'ura ce da ke tura insulin cikin jiki kaɗan-kaɗan ba tsayawa, maimakon a riƙa yin allura sau huɗu ko biyar a rana. Wanda wani likita a Amurka, Arnold Kadish, ya ƙera a 1963 girmansa ya kai jakar goyo. A 1978 likitoci John Pickup da Harry Keen na asibitin Guy's da ke Landan suka nuna cewa ana iya amfani da ƙaramin famfo a tura insulin ta ƙarƙashin fata. Yau ga shi ya koma abin da ake sawa a aljihu.

A cikinsa akwai 'yar kwalba mai ɗaukar mililita 2 zuwa 3 na insulin, watau bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba. Daga nan insulin ke bi ta tiyo ya isa ga wani ɗan tsinken roba mai laushi da ke zaune a ƙarƙashin fata, filasta na riƙe da shi. Akan canza wannan tsinke bayan kwana biyu ko uku. Akwai kuma irin wanda ba shi da tiyo, kamar Omnipod, wanda ake mannawa gaba ɗayansa a fata, ya yi kwana uku a sake wani.

Famfo aiki biyu yake yi. Yana ɗiga insulin kaɗan bayan kowane 'yan mintoci domin bukatar jiki ta yau da kullum, sa'an nan in za a ci abinci sai a danna masa ya ƙara bayarwa gwargwadon abincin. Yara da yawa kuma suna da wani ma'auni kamar kwabo manne a damtse ko a ciki, wanda ke auna sukari dare da rana. A 2016 aka amince a Amurka da famfo na farko mai karɓar saƙo daga wannan ma'auni yana ƙara insulin ko rage shi da kansa, watau MiniMed 670G. A watan Disamba na 2023 hukumar NICE, mai ba asibitocin gwamnatin Ingila shawara, ta ce ya kamata a ba yara masu nau'i na ɗaya irin wannan na'ura. Irinta ce Auta ke ɗauke da ita.

Abin da ya sa ba a cire shi da dare

Yanzu sai mu koma kan maganar kakarmu. Yaron da ke allura akan yi masa insulin iri biyu: mai saurin aiki domin abinci, da mai dogon aiki wanda ke kwana a jiki. Shi kuwa famfo mai saurin aiki kaɗai ke cikinsa, wanda ƙarfinsa ke ƙarewa cikin 'yan awoyi. Ke nan da zarar an cire famfo, ba wani insulin da ya rage a ajiye a jikin yaron. Sukari zai fara hawa, jiki kuma da ya rasa hanyar amfani da sukari sai ya koma ƙona kitse. Ƙona kitsen nan yana haifar da wani guba da ake kira kiton, wanda in ya taru yakan sa amai, da ciwon ciki, da numfashi sama-sama, har ya kai ga suma. Wannan yana iya farawa cikin awoyi kaɗan, tun kafin gari ya waye.

Don haka akan cire famfo mai tiyo na ɗan lokaci ne kawai, kamar lokacin wanka, kuma ba a so ya wuce awa guda ba tare da shawarar likita ba. Tunda cirewa ba ta yiwuwa, abin da ya rage shi ne a samar masa wurin kwana da ba zai dami yaron ba.

Inda famfo zai kwana

Abin da ya fi damun yaro da dare shi ne ya kwanta a kan famfo ya danne masa haƙarƙari, ko tiyo ya nannaɗe shi, ko ya tashi cikin magagi famfo ya faɗo daga gado ya ja tsinken. Duk waɗannan suna da dabara.

Dabara ta farko ita ce ɗamara mai laushi mai aljihu, wadda ake ɗaurawa a ƙugu. Amfaninta shi ne yaro na iya zagayo da aljihun gaba ko baya, ya danganta da yadda yake kwanciya. Kada dai ta matse shi, kuma kada ta zauna daidai kan filasta.

Ta biyu ita ce aljihu a cikin kayan barci. Ɗamarar Auta tana sa ta gumi a nan, saboda haka matar kawu ta kai rigunan barcinta wurin telan unguwarmu, ya ɗinka wa kowace ɗan aljihu ta ciki, mai maɓalli a baki don kada famfo ya zamo. In aljihun na waje ne, sai a huda 'yar ƙofa kamar ta maɓalli ta ciki, tiyo ya bi ta nan. Muhimmin abu shi ne tiyo ya kasance a ƙarƙashin riga, ba a waje ba inda hannu ko yatsan ƙafa zai maƙale shi.

Ta uku, wasu manyan yara sun fi son su bar famfo sake a kan katifa kusa da su, su sa shi cikin safar jarirai don ya yi laushi. Masu yin haka dogon tiyo ya fi dacewa da su. Tiyo yana zuwa da tsawo iri-iri, akwai na wajen santimita 60, da na 80, da na 110. Gajere ya fi kyau ga mai ɗamara, dogo kuma ga mai barin famfo a gefe, don ya juya yadda ya ga dama. In famfon yana da maƙali mai tauri a bayansa, irin na rataya shi a wando da rana, gara a cire maƙalin da dare. Amma ba a so a cusa famfo can ƙarƙashin matashin kai, domin in ya yi ƙara ba za a ji ba.

Ƙananan yara 'yan shekara biyu ko uku kuwa sai an ƙara kula. Akan ɗinka musu aljihun a bayan riga inda hannunsu ba ya kaiwa, a kulle maɓallan famfon don kada su danna cikin wasa, a kuma tabbata tiyo bai je kusa da wuya ba. Amma kada wani ya ji tsoron cewa kwanciya a kan famfo za ta sa ya zuba insulin da yawa. An ƙera shi ne yadda sai an buɗe shi an danna sau da yawa a jere kafin ya bayar.

Wurin manna tsinke, da maganar gumi

Kowane yaro yana da irin kwanciyarsa. Wani rub da ciki, wani rigingine, wani kuma gefe ɗaya ya fi so. To, lokacin zaɓen wurin da za a manna tsinke sai a tuna da wannan. Wuraren da aka saba su ne ciki, nesa da cibiya da kamar santimita 5, da saman ɗuwawu, da cinya, da bayan damtse. Auta mai rub da ciki ce, saboda haka ta fi jin daɗi in an sa mata a saman ɗuwawu. Sai dai ba a dawwama a wuri guda, domin in aka yi ta sokawa a nan, fatar wurin takan yi ƙullutu, insulin kuma ba ya shiga jini daidai ta cikin ƙullutu. A kuma kauce wa daidai inda robar wando ke zama.

Shi ma ma'aunin sukari yana da tasa matsalar. In yaro ya kwanta a kansa ya danne shi da nauyin jiki, yakan nuna sukari ya sauka ƙasa alhali bai sauka ba. Sau biyu wannan ya tashe mu a banza. Matar kawu ta soki yatsan Auta ta auna da ƙaramin mita, ta ga lafiya lau, sai kawai ta juya ta ɗaya gefen. Daga nan aka mayar da ma'aunin damtsen da ba ta kwanciya a kansa.

Abin da kawuna bai yi tsammani ba shi ne gumi. A Ingila filasta takan yi kwana ukunta daram, amma a nan ranar da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai gefenta ya fara ɗagowa. Maganin wannan shi ne a wanke fata a bar ta ta bushe sarai kafin a manna, kada a shafa mai ko hoda a wurin, sa'an nan a ƙara wata filasta a kai. Akan kuma lanƙwasa tiyo kaɗan a manne shi da 'yar filasta nesa da tsinken, yadda in an ja shi, nan ne zai fara jin jan.

Zafi yana rage wa insulin ƙarfi, musamman in ya wuce digiri 37. Kada a bar famfo a rana, kuma da hunturu kada yaro ya kwanta da shi dab da kaskon garwashi. Insulin ɗin da ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a ɓangaren ƙanƙara ba, domin in ya daskare ya lalace.

Shirin kafin kwanciya

Rigakafi ya fi magani. Kowane dare bayan an ci tuwo, na lura matar kawu takan ɗauki kamar minti biyar ta duba waɗannan abubuwa, har na haddace su:

1. Sukarin yarinya nawa ne, kuma hawa yake yi ko sauka? Abin da ake so yawancin lokaci shi ne tsakanin 3.9 da 10, ko 70 da 180 a wasu mitoci. Likitan kowane yaro ne zai faɗi adadin da ya dace ya kwanta da shi.
2. Insulin ɗin da ya rage a kwalba zai kai safe?
3. Batir fa? Wasu famfunan batir ake sa musu, wasu kuma caji ake yi. A inda wuta ba ta da tabbas, a yi caji tun da rana, a kuma ajiye batir na ko-ta-kwana.
4. Filasta tana nan a manne, ba jini, ba jiƙewa, ba warin insulin? Tiyo bai lanƙwashe ba, kuma babu kumfar iska a ciki?
5. Sukari mai ƙwaya ko lemon kwalba, da mita, da tocila, suna kusa da katifa?

Akwai wata doka da ta ce ba ta karya ta sai dole: ba a canza tsinke dab da kwanciya. Dalili kuwa, wani lokaci sabon tsinke yakan lanƙwashe a ƙarƙashin fata ba tare da an gani ba, sai an auna sukari bayan awa biyu ko uku za a gane. In da safe ko da yamma aka canza, idon kowa biyu. In kuwa da ƙarfe tara na dare ne, to, sai an sa agogo ya tashi mutum tsakar dare a auna.

Har wa yau a duba agogon famfo. Bukatar insulin ba ɗaya ba ce a duk dare. Sinadaran girma da jiki ke fitarwa cikin barci sukan sa sukari ya hau, musamman wajen asuba ga matasa irinmu, shi ya sa likita kan tsara abin da famfo zai bayar awa-awa. In agogonsa ya ɓata, tsarin ya ɓata. Su Auta sun yi sa'a, domin a watan Agusta agogon Ingila da na Nijeriya ɗaya ne, amma da hunturu suka zo da sai sun gyara awa guda.

In ƙararrawa ta yi kuka

Wata rana aka yi biki a maƙwabta, Auta ta wuni tana guje-guje da tsalle-tsalle da yara har magariba. Da dare wajen ƙarfe biyu sai na ji ƙara. Na haska ta, na ga ta jiƙe da gumi tana mutsu-mutsu kamar mai mugun mafarki. Da ƙyar ta buɗe ido ta ce, "Yaya, jikina rawa yake yi." Na ruga na taso matar kawu. Ta auna, ta ga 3.4. Ba ta ruɗe ba. Ta zaunar da ita, ta ba ta sukari a ɗan ruwa, muka jira minti 15, ta sake aunawa ta ga ya hau. Auta ta kurkure baki ta koma barci.

Daga baya ta yi mini bayani. Wasa mai tsanani da yamma yakan sa tsoka ta ci gaba da jan sukari daga jini har cikin dare. Irin wannan rana akan rage abin da famfo ke bayarwa, ko a ba yaro ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta, bisa yadda likitansa ya tsara. Famfon Auta ya tsayar da insulin da kansa tun da ya hango saukar, amma insulin ɗin da ya riga ya shiga jiki ba ya dawowa. Ke nan na'ura tana rage hatsari ƙwarai, amma ba ta kawar da shi ɗungurungum.

Duk sukarin da ya yi ƙasa da 3.9, ko 70, sai an ɗauki mataki. Akan ba da abu mai zaƙi mai saurin shiga jini, kamar ƙwayar sukari biyu ko uku, ko rabin kofin lemo mai sukari, gwargwadon girman yaron. Cakulan ba ta da sauri saboda maiƙon da ke cikinta. Amma in yaro ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a yi masa allurar gulukagon in akwai, a garzaya da shi asibiti.

Ɗaya hatsarin shi ne hawan sukari. In ya haura 14, ko 250, da dare ba tare da wani dalili ba, abin da za a fara zargi shi ne insulin ba ya shiga. A duba tiyo da filasta, a auna kiton a jini ko a fitsari. In akwai kiton, a ba da insulin da allura, a canza tsinke, a ba yaro ruwa ya sha. In amai ya fara, sai asibiti. Saboda haka mai famfo ba ya rabuwa da allura a jakarsa.

To, amma in ƙararrawa ta yi yawa ita ma cuta ce. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta faɗa a 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da ake tasa sau huɗu a dare ba zai gane karatu da safe ba, kuma in ƙara ta zama jiki, wata rana za a yi ta gaske kowa ya yi banza da ita. Don haka iyaye kan zauna da likita su tsara ƙararrawar dare, a bar ta saukar sukari da ta toshewar tiyo, a rage waɗanda ba na gaggawa ba. Wasu ma'aunan kuma suna aika saƙo wayar uwa ko uba, su tashi su duba ba tare da yaron ya farka ba.

Kwanciyar hankali

Akwai abin da ba tela ba likita da zai ɗinka shi, shi ne kwanciyar hankalin yaron. Na tambayi Auta ko abin yana damunta. Ta ce makon farko da aka sa mata ta kasa juyi don tsoro, amma yanzu har mantawa take yi da shi. Abin da ba ta so shi ne a tsaya a kanta ana salati ana cewa "Allah sarki." Matar kawu takan bar ta ta zaɓi rigar da za ta sa da gefen da za a manna tsinke, ta kuma karanto lambar sukarin da bakinta. Ba ta taɓa yi mata faɗa don lamba ta hau ba, domin ta ce yaron da ake yi wa faɗa a kan lamba, ɓoyewa zai koya. Ita da kawu kuma kwana-kwana suke yi wajen tashi, don kada gajiya ta kayar da mutum ɗaya.

Mu da muke ɗakin kwana

Mai karatu zai iya cewa, mu ina ruwanmu, tunda famfo yana da tsada kuma ba a cika ganinsa a nan ba? Gaskiya ne yawancin yaranmu masu wannan ciwo allura suke yi. Amma dare ɗaya ne ga mai famfo da mai allura: duka suna bukatar a auna kafin a kwanta, a ajiye sukari kusa, kuma na kusa da su ya san abin yi. Mu 'yan makarantar kwana muna nesa da iyayenmu, wadda ke gadon da ke kusa da naki ita ce uwarki da dare. In akwai mai ciwon sukari a ɗaki, ya kamata a ba ta gadon ƙasa kusa da ƙofa, shugabar ɗaki da matiron su sani, kuma kada a ƙwace sukarinta ko na'urarta ranar binciken akwatuna.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. Kafin a gano ciwon Auta, alamar farko ita ce ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, ga ƙishirwa ba iyaka, ga rama, ga kasala. Mu kuwa mun san irin waƙa da tsokanar da ake yi wa mai fitsarin kwance a ɗakunanmu. In muka ga 'yar'uwarmu tana yawan tashi fitsari da dare, tana shan ruwa ba ta ƙoshi, tana kuma ramewa, mu raka ta ɗakin shan magani a auna jininta. Awon ba ya ɗaukar minti biyu.

Daga ƙarshe, ina kira ga iyayenmu da malamanmu da mu kanmu ɗalibai da mu koyi waɗannan 'yan abubuwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin su Auta su koma, kakarmu da kanta take tambaya bayan tuwon dare, "An duba batirin yarinyar nan kuwa?" Ni ma na daina kwana a bakin katifa tun a mako na biyu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.